Kafin Katafila Ta Shiga Daji: Darasi a kan Haƙar Gawayin Ƙasa da Makomar Namun Daji

Duk wanda ya taɓa sassabe a jigawar Tasawa ko ta Mayahi ya san kututturen kalgo. A bazara, kafin ruwan shuka, manomi kan tarar da shi ya fitar da toho goma ko goma sha biyar, sun yi cunkus wuri ɗaya kamar tsintsiya. A da, adda yake sawa ya share su kaf, ya tara ya cinna wuta, domin a wancan zamani gonar kirki ita ce wadda ko tsinke babu a tsaye cikinta. Yanzu kuwa sai ya tsuguna ya duba, ya zaɓi biyu ko uku da suka fi miƙewa, ya datse sauran, ya rage ƙananan rassan gefe, wani ma har ya ɗaura tsumma a jiki don mai neman itacen girki ya san abin da mai shi. Bayan damina uku ko huɗu, abin da yake tsintsiya ya zama itace mai inuwa. Kurciya ta yi sheƙa a kansa, ganyen da ya zuba ya tare rairayin da iska ke kwasa, gara ta shiga cin ganyen ta huhhuda ƙasa, bushiya ta samu maɓoya a gindinsa. Wannan shi ne sassabin zamani, kuma babu wanda zai koya wa mutanen jihar Maradi shi.

Amma darasinmu na yau a kan haƙar gawayin ƙasa ne, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira kwal, da yadda za a tsare namun daji da mazauninsu sa'ad da ake haƙar, da yadda za a gyara ƙasar in an gama. Wani a cikin aji zai ce me ya haɗa kifi da kaska, tunda ba a haƙar gawayi a Tasawa, ba a haƙa a Mayahi. Da gaskiyarsa. Ramin gawayin Nijar yana can Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, inda kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, yake haƙa tun farkon shekarun 1980. Akwai kuma babban shiri a Salkadamna ta jihar Tawa, inda aka aza harsashi a 2014. To amma ƙasa ɗaya ce da doka ɗaya, kuma ramin gawayi na arewa ɗan'uwan ramin marmara ne da ake haƙa a bakin hanyarmu, girma kawai ya raba su. Sannan manomin da ya tsuguna gaban kututturen kalgo yana riƙe da wani ilimi da masu haƙar ma'adinai a ƙasashe masu arziki suka yi shekaru suna asarar kuɗi kafin su gano shi: ƙasa da abin da aka bari da rai a cikinta take farfaɗowa. Idan haka ne, to tsaron daji da namunsa aiki ne da ake yi tun katafila ba ta shiga ba. Wanda ya jira sai ta fita, ihu yake bayan hari.

Mu fara da abin da muka sani. Bayan farin 1973 da na 1984, gonakin jihar Maradi sun zama tsirara, iska tana binne hatsi tun yana ƙarami har sai an sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. A watan Mayu na 1984, zamanin shugaba Seini Kunce, aka yi babban taro a Maradi a kan gurgusowar hamada, aka ɗauki alkawarin dashen itatuwa a ko'ina. An buɗe gandayen reno, an raba dogon yaro da turare, an dasa dubbai, amma mafi yawansu ba su kai ko'ina ba: akuya ta ci, gara ta ci, rani ya ƙarasa saura. A daidai wannan lokaci, a 1983, wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ta SIM a Maradi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake gani warwatse a gonaki toho ne na itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai, ta yi zurfi, jira kawai take a ƙyale ta. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga kakanninmu, sai dai an yi watsi da ita, kuma dokar gandun daji ta wancan lokaci, wadda ta sa itatuwa a hannun hukuma ko da a gonar mutum suke, ba ta ba manomi dalilin renon abin da ba zai mora ba. Da abin ya kankama, maƙwabci yana gani wurin maƙwabci, sai ga shi bayan shekara 20 hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, kimanin miliyan 200, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. A Dan Saga ta gundumar Agye mutanen gari suka kafa kwamitin tsaro, har da mata da makiyaya a ciki, don hana saran sata, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan haƙƙin manomi bisa itacen da ya rena. Abin da ya kamata mu riƙe daga wannan tarihi shi ne, itatuwan nan ba daga leda aka dasa su ba. Daga saiwa suka taso, da irin da ke kwance cikin ƙasa.

Yanzu mu dubi abin da haƙar buɗaɗɗen rami take yi. A Anu Araren gawayin yana kwance ne ƙarƙashin dutse da yumɓu masu kauri, don haka sai an yaye duk abin da ke samansa kafin a kai gare shi. A share itace da ciyawa, a fasa dutse, manyan motoci su kwashe su jibge gefe, tulin ya yi ta hawa har ya zama tsauni. Gawayin da aka fitar, wanda a wasu shekaru yakan haura tan 200,000, ana ƙona mafi yawansa nan kusa a tashar lantarki mai ƙarfin megawat 37 da ɗoriya, wadda aka gina don ba da wuta ga ma'adinan yuraniyom na Arlit da garuruwan yankin. Haka ake irin wannan haƙa ko'ina a duniya, ba wani abu ne da Nijar ta ƙago ba. Bambancinta da gatari shi ne, gatari yana cin abin da ke sama ya bar na ƙasa, katafila kuwa juya ƙasar take ɗungurungum, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya dawo sama. Ɗebi ƙasa cikin tafin hannunka daga gindin gawo ka duba da kyau. Ta fi jigawar gefe duhu. A cikinta akwai irin ƙarangiya da na burburwa da na kyasuwa, da ƙwallon aduwa da akuya ta tuƙa ta zubar, da kashin shanu da buzuzu ya binne, da ƙwan ƙwari, da wasu halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke taimaka wa saiwa shan abinci. Mafi yawan wannan rai yana cikin abin da bai wuce tsawon tafin hannu daga sama ba. In aka binne shi ƙarƙashin mita 10 na dutse, ya tafi ke nan. Abin da ya hau sama a madadinsa kuwa dutse ne da bai taɓa ganin rana ba, babu iri, babu taki, kuma sau da yawa yana ɗauke da wani ma'adini mai farar wuta wanda in ya haɗu da iska da ruwa yake zama ruwa mai tsami mai kashe kifi da tsirrai. A Inugu ta Najeriya, inda aka fara haƙar kwal tun wajen 1916, irin wannan ruwa bai daina tsiyaya daga tsofaffin ramuka zuwa rafuka ba, ko da yake aikin ya daɗe da tsayawa.

Idan aka ce namun daji, hankali kan tafi ga zaki da giwa, sai mutum ya ce ai mu nan ba mu da su, me za mu tsare. Namun dajinmu su ne zomo da kurege da bushiya da yanyawa da dila, da damo da guza, da fakara da zabin daji da tuji, da shamuwa mai kawo albishirin damina. Kowannensu da aikin da yake yi mana ba tare da lada ba: fakara da bushiya suna rage ƙwari, mujiya da yanyawa suna rage ɓera, ƙudan zuma yana sa fure ya ɗaure. Dabba tana bukatar abin ci, da ruwa, da wurin ɓuya da haihuwa, da hanyar da za ta bi daga wannan zuwa wancan. Ramin ma'adini ba kasafai yake kashe ta kai tsaye ba, waɗannan abubuwa yake ƙwace mata ɗaya bayan ɗaya. Don a yi aiki cikin rami mai zurfi sai an zuƙe ruwan da ke taruwa a ciki, tashar lantarki ita ma ruwa take sha, to in ruwan ƙasa ya ja baya, rijiya ta ƙafe, itacen da saiwarsa ke shan wannan ruwa ya fara bushewa daga sama, ko da yana nesa da inda katafila ta taka. Hanyar mota kuma da aka buɗe don aiki, ita ce mafarauci mai bindiga zai bi. A gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012, akwai wata dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks. Bayan aikin man fetur ya shiga yankin, ƙidayar da aka yi a 2016 guda 3 kacal ta gani, kuma ƙungiyar IUCN ta danganta abin da hayaniyar aikin da farautar da ta zo tare da shi. Mu kwatanta da Gadabeji, nan jihar Maradi. Raƙumin dawa ya ɓace daga can tun shekarun fari, amma gandun, wanda aka keɓe tun 1955 da faɗin hekta 76,000, yana nan da itatuwansa da ciyawarsa. Shi ya sa a watan Nuwamba na 2018 aka iya ɗauko guda 8 daga yankin Kure, tafiyar sama da kilomita 800, aka sake su a can. Dabbar da ta ɓace ana iya ɗauko ta a mota a dawo da ita. Dajin da za ta zauna a ciki ba ya shiga mota.

Wani zai ce to ai Anu Araren hamada ce, dutse ne da rairayi, babu abin ɓatawa. Mai faɗin haka bai tambayi Buzun da ke kiwo a can ba. A gefen duwatsun Abzin rai yana bin koramu ne, inda kandili da aduwa suke jere, inda barewa ke kiwo da dare, ragon dutse kuma yana sama. Saboda wannan arziki ne aka kafa gandun Ayar (wato Abzin) da Tenere a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, amma duk da haka jimina ta ƙare a dajin, sai wadda ake reno cikin shinge. Yammacin Agadas ne kuma makiyaya, har da na arewacin jiharmu, suke kai dabbobi lasar gishiri wajen Ingal da damina. Ƙarancin ruwan sama bai rage darajar wurin ba, sai ma ya sa rauninsa ya fi daɗewa bai warke ba. Itacen da zai yi inuwa cikin shekara 4 a Tasawa, a can sai ya ci shekaru masu yawa, kuma sawun mota ɗaya yakan zauna a kan ƙasa shekara da shekaru.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta talauci, kuma bai kamata a raina ta ba. A Nijar wanda ke da wutar lantarki a gidansa bai kai mutum 1 cikin 4 ba. Wutar da jihar Maradi ta daɗe tana dogara da ita ta layin Katsina take shigowa zuwa Gazawa, kuma duk wanda ya ga halin da aka shiga bayan Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023 ya san abin da dogaro da maƙwabci yake jawowa: mai walda ya zauna, mai niƙa ya zauna, maganin asibiti ya rasa sanyi. Ƙasar da Allah ya ba gawayi, aka kuma tsara mata tasha mai megawat 600 a Salkadamna, ba za ka ce mata ta zauna cikin duhu saboda zomo ba. Wannan darasi ma bai ce haka ba. Abin tambaya shi ne wa zai biya kuɗin ɓarnar. In ba a sa kuɗin gyaran ƙasa cikin lissafin aikin tun farko ba, kuɗin bai ɓace ba, an ɗora shi ne a kan makiyayin da burtalinsa ya toshe da jikan da zai gaji ramin. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Amurka ta koyi wannan bayan ta tara dubban ramukan kwal da masu su suka tsere suka bari, shi ya sa dokarta ta 1977 ta ce kamfani sai ya ajiye kuɗin jingina kafin ya fara haƙa, ba za a mayar masa ba sai ƙasar ta gyaru. Mu ma muna da abin dubawa a gida. Da aka rufe ma'adinin yuraniyom na COMINAK a ƙarshen watan Maris na 2021, bayan sama da shekara 40 yana aiki, tulin dusar da ya bari ya kai kimanin tan miliyan 20, kuma rufe shi kaɗai aiki ne na shekaru. Ranar da kamfani ya daina samun riba ba ranar tambayarsa kuɗi ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma masu cewa gawayin ƙasa shi ne ma zai ceci itatuwa, tunda fiye da gida 9 cikin 10 a ƙasar nan da itace ake girki, kuma don haka ne aka kafa kamfanin SNCC mai gasa gawayin Anu Araren ya zama na murhu. Akwai gaskiya a ciki, musamman ga manyan birane kamar Yamai da Maradi, inda motoci ke shigo da itace daga dazuzzuka irin Baban Rafi ta Madarunfa. Buhun gawayi da ya shiga madafin birni ya rage wa gatari aiki, ko da yake matan da suka gwada shi sun san yana da wuyar kamawa kuma sai da murhunsa na musamman. Amma itacen da aka ceta a Baban Rafi ba ya biyan bashin koramar da aka binne a Abzin. Kowanne da lissafinsa, in kuwa aka haɗa su aka ce wannan ya shafe wancan, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. A ƙauyukanmu ma abin da ya sauƙaƙa wa mace neman itacen girki rassan da ake datsewa ne a gonar gidansu.

Sai hujja ta ƙarshe, wadda aka fi ji a bakin masu aiki: kada ku damu, in mun gama za mu cike ramin mu dasa itatuwa. A nan ne ilimin sassabin zamani yake da abin faɗi, domin mun riga mun ga ƙarshen dashen leda a ƙasar da ke da rai ma, balle a kan tulin dutse. A tsaunukan Jos haƙar kuza ta bar ɗaruruwan kududdufai da tuddai. Tun zamanin Turawa aka baje wasu aka dasa turare. Turaren ya tashi, amma ƙarƙashinsa fayau, ciyawar kirki ba ta fita, ƙasar ba ta koma ta noma ba, kuma masu lambun da suka riƙa zuba tokar shara da taki a gefen kududdufan sun fi farfaɗo da ita. A duwatsun Apalashiya na Amurka, bayan dokar 1977, kamfanoni suka riƙa daddale ƙasa da manyan injuna don kada ta zaizaye, suka watsa irin ciyawa. Wurin ya yi kore a hoto, amma aka yi shekaru itace bai kama ba, saboda ƙasar ta zama abin da mu muke kira faƙo. Sai daga baya suka koma barin ƙasa sakwa-sakwa da dasa itatuwan asalin wurin. A yammacin Ostareliya kuwa masu haƙar ma'adinin alminiyom sun gano cewa in aka kwashe ƙasar sama aka shimfiɗa ta nan da nan a wurin da ake gyarawa, tsirrai iri-iri suna fitowa da kansu, in kuma aka jibge ta tuli ta daɗe, yawancin irin yana mutuwa. Duk hanyoyin nan wuri ɗaya suka ɓulle. Gyara na gaskiya yana farawa da zagaya dajin tun kafin aiki, da rani da damina, tare da maharba da makiyaya da mata masu tsinkar ganye, don su ne suka san inda tuji ke ƙwai da inda ruwa ke kwanciya. Ba a share daji lokacin da tsuntsaye ke kan ƙwai, kuma daga gefe ɗaya ake farawa don dabba ta samu mafita. A kwashe ƙasar sama daban, in dole ne a ajiye ta, a yi tuli gajere a shuka gamba a kai. A riƙa gyara bayan rami tun gabansa ana haƙa. A tona rabin wata da tassa don ruwa ya tsaya, a watsa irin ciyawar wurin, a sa sabara da kalgo da magarya da aduwa, a bar kututture da tarin duwatsu don damo da kurege. Sannan a sa ido a kan garmani, wanda wasu ke kira hatsin Makka, domin duk wanda ya ga yadda ya cinye burtali da makiyaya a Mayahi da Tasawa ya san shi ne ke riga kowa zama a ƙasar da aka tayar, kuma dabba ba ta damu da shi ba. Yawan ledar da aka dasa ranar bikin dashen itatuwa ta 3 ga Agusta ba shi ne ma'aunin nasara ba. A dawo bayan shekara 5 a saurara ko fakara tana kuka da asuba.

Duk da haka, akwai wuraren da ko an bi duk waɗannan ƙa'idoji ba za su dawo ba, kuma gaskiya ita ce a faɗa tun wuri a ja musu layi. Mu ɗauki Gulbin Kaba, wanda ya ratsa gundumomin Tasawa da Mayahi. Ruwa ba ya gudu a cikinsa kamar kogi, amma yana kusa a ƙarƙashi, shi ya sa goriba ta samu wurin zama. Daga kabarta mata ke saƙa tabarma da faifai, a tuƙa igiya, yara su ci ƴaƴan, shanu su bi kwarin zuwa arewa su dawo. Goriba ba ta sauri. Wadda ake yawan yanke wa kaba ma ba ta tashi, sai ta zauna ƙasa kamar ciyawa, to ina ga wadda aka tumɓuke aka kuma janye mata ruwa. Haka tsohon gawo mai kogo. Cikin irin wannan kogo ne zuma ke zama, cilakowa ta shiga ta liƙe ƙofa da laka ta bar ƴar kafa, namijin yana miƙo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Dashen bana ba shi da kogo, kuma ba zai yi ba sai jikokinmu sun girma. A Jamus, a watan Oktoba na 2018, kotu ta dakatar da sare abin da ya rage na dajin Hambak, wanda ramin kwal ya riga ya cinye mafi yawansa, kuma cikin dalilan akwai wani ƙaramin jemage da ke haihuwa a kogon tsofaffin itatuwa. Kamfanin ya dasa itatuwa masu ɗimbin yawa a kan tulin da ya tara, amma jemagen bai da abin yi da su tukuna.

Mu dawo gida. Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa Tasawa ya ga ramukan marmara da aka haƙa don aikin hanya aka bari, bakinsu a tsaye kamar bango, da damina su cika su zama tarko ga yara da dabbobi da gidan sauro, da rani su zama faƙo. Bututun man fetur mai tsawon kusan kilomita 2,000 da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya ratsa jihar Maradi, ga kuma layin dogo daga Kano zuwa Maradi da ake ginawa. Kowane irin wannan aiki yana cin ƙasa da tsakuwa, kuma daga wani daji ake ɗebo su. Dokar kimanta tasirin ayyuka a kan muhalli ta 2018 ta wajabta a yi bincike kafin babban aiki, a kuma saurari mutanen wurin, hukumar BNEE ce ke dubawa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda muka fi sani da COFO, don tsare gonaki da burtali da makiyaya. Doka dai akwai ta. Inda ake samun giɓi shi ne ranar taron, sa'ad da magana takan tsaya a kan diyyar gona, domin gona tana da mai ita, dajin da ke bayan gari kuwa na kowa ne, abin kowa kuma shi ne ba ya samun mai magana. Alhali tambayoyin ba sa bukatar digiri. Ina za a ajiye ƙasar sama, kuma har yaushe? Wane ruwa za a ja, rijiyoyin wa zai taɓa? Ina kuɗin gyara yake, a hannun wa? Wa zai zo ya duba bayan shekara 5? Kwamitin da ya iya tsare gawo daga saran dare ya iya riƙe kwafin takardar alkawari, ya kuma kai ƙara wurin magajin gari da ma'aikatan gandun daji in an saɓa.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya je ramin marmara ko kududdufin da ya fi kusa da garinsu. Ya tambayi dattawa shekarar da aka haƙa shi da abin da ke wurin kafin nan. Ya ƙirga irin tsirran da ke cikinsa da gefensa, sannan ya yi taku 100 zuwa gona ko dajin da ba a taɓa ba, ya sake ƙirgawa, ya duba sawun dabbobi a wuraren biyu. Wanda bai iya rubutu sosai ba tukuna ya tsinko ganye ɗaya daga kowane iri, ya zo da su cikin ƙulli biyu, na rami daban, na daji daban.